Sana'ar Gyaran Kayan Cikin Mota a Ƙasar Bagudo da Bakin Iyakar Benin

Gabatarwa

Idan ana koyar da sana'o'in Hausawa, an saba a kasa su gida biyu, wato na gargajiya da na zamani. A ɓangaren na gargajiya malami yakan daɗe yana bayani a kan noma da ƙira da saƙa da rini da jima da dukanci da sassaƙa. Amma da zarar an zo kan na zamani sai a jero sunaye kawai, a ce tuƙi da kanikanci da walda da aikin kafinta, a wuce. Wannan kuwa tauye ɗalibi ne, domin sana'ar zamani ita ma tana da kayan aikinta da kalmominta da ƙa'idojinta, kuma ita ce yaro yake gani kullum a bakin tasha a kan hanyarsa ta zuwa makaranta. Saboda haka wannan babi ya ɗauki ɗaya daga cikin ƙananan sana'o'in zamani, wato gyaran kayan cikin mota da suka saki, ya dube ta kamar yadda take gudana a ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi, inda zafi da hanya da kaya da iyakar ƙasa suka haɗu suka sa aikin ya yawaita.

Abin da ake nufi da kayan cikin mota shi ne duk abin da aka lulluɓe ƙarfen bodi da shi ta ciki. Akwai silin, wato rufin da ke bisa kan fasinja. Akwai bangon ƙofa, da marufan ginshiƙan da ke tsakanin tagogi, da robar bakin ƙofa, da shimfiɗar ƙasa, da allon gaban direba. Mutane da yawa sun ɗauka ado ne kurum. Ba haka ba ne. Su ne suke tare zafin ƙarfe, su rage ƙara, su ɓoye wayoyin lantarki, su kuma raba jikin mutum da kaifin kwano. Mai gyaransu kuwa a tasha an fi kiran sa mai kushin, ko da yake ɗinkin kujera wani sashe ne kawai na aikinsa.

Daga mota tafi-da-gidanka zuwa motar haya

A Amurka da Turai akwai wata irin mota da ake ƙerawa domin yawon shaƙatawa. A cikinta akwai gado da ɗan madafi da makewayi da akwatunan ajiya, iyali su shiga su yi makonni suna tafiya suna kwana a ciki. Hausa ba ta rasa sunan da za ta ba ta ba, domin kalmar tafi-da-gidanka, wadda aka laƙaba wa wayar hannu da asibitin da ke zagaya ƙauyuka, ta fi dacewa da wannan mota fiye da kome. Kamfanin Westfalia na Jamus ya fara mayar da ƙananan bas na Volkswagen irin wannan ɗaki tun a shekarar 1951, a Amurka kuwa garin Elkhart da kewayensa, a Jihar Indiyana, shi ne cibiyar ƙera su. Ɗaya daga cikin abubuwan da masu irin wannan mota suke kuka da su shi ne sakin kayan ciki. Dalili kuwa a fili yake. Ɗaki ne da aka gina da siririn katako da ƙananan ƙusoshi domin kada ya yi nauyi, sa'an nan aka ɗora shi a kan taya. Ginin da ke zaune wuri ɗaya ma yana tsagewa, balle wanda ake girgizawa kullum.

Irin waɗannan motoci sun taɓa ratsa wannan yanki. A shekarun 1970 da 1980 matasan Turawa sukan keto hamada daga Aljeriya ta Tamanrasat da Agadas, su sauko Yamai, su haye Kogin Kwara ta gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, su nufi Kwatano. Wasu a motocin kwana suke, wasu kuma a tsofaffin Fijo waɗanda sukan sayar a hanya su koma gida a jirgi. Amma Bahaushe bai ɗauki al'adar sayen mota domin yawon shaƙatawa ba. Abin da ya fi kusa da ita a wurinmu shi ne kan tirela, inda direba yake da gado bayan kujera, ya sa labule da darduma, ya yi kwanaki a ciki yana jiran lodi ko izinin ƙetare iyaka. Sai kuma bas ɗin haya wadda ta shigo ƙasa a matsayin motar kaya, ba kujera ba silin, mai walda ya dasa mata kujeru, kafinta da mai kushin suka lulluɓe cikinta da filawud da leda. Ciwon waɗannan motoci da na waccan ta Turawa iri ɗaya ne, maganin ma kusan ɗaya ne.

Ƙasar Bagudo da motocinta

Ƙaramar Hukumar Bagudo tana kudu maso yammacin Jihar Kebbi, jihar da aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 27 ga Agusta, 1991. Tana cikin masarautar Gwandu, kuma Kogin Kwara ya ratsa ta. Daga cikin garuruwanta akwai Bagudo da Ka'oje da Illo da Zagga da Lolo da Tsamiya. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a shekarar 1898 ita ce ta raba ƙasar Bargu biyu, ta bar Illo a hannun Ingilishi, ƙasar da ke yamma da ita kuma ta faɗa Dahomi, wadda ta sauya suna zuwa Benin a 1975. Lolo tana fuskantar Madekali a gefen kogi, Tsamiya kuma ita ce ƙofar zuwa Segbana, daga can hanya ta miƙe zuwa Kandi, inda ta haɗu da babban titin da ya taso daga Kwatano ya bi ta Paraku zuwa Malanbil.

Wannan titi yana da muhimmanci ga batunmu. Tashar jiragen ruwa ta Kwatano ta daɗe tana karɓar motocin da aka yi amfani da su a Turai, waɗanda Hausawa suke kira 'yan Kwatano ko Baljiyam, kuma kaso mai yawa daga cikinsu Nijeriya suke nufa. Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga ranar 1 ga Janairu, 2017, sa'an nan ta rufe iyakokin a watan Agusta na 2019, ba ta fara buɗe wasu ba sai a Disamba, 2020. Duk da haka motocin da suke jigila a tashoshin Kebbi, irin su Golf da Sharon da Hiace, galibinsu tsofaffin shigowa ne. Mota ce da aka ƙera domin ƙasar sanyi da titi mai santsi, ta yi shekara goma ko fiye a can, sa'an nan ta zo ta fara sabuwar rayuwa a kan burji, ɗauke da buhunan shinkafa da albasa da kwandunan kifi. Inji yakan jure, domin bakanike yana kula da shi. Kayan ciki su ne suke fara sallamawa.

Abin da ke sa kaya su saki

Gwanin mai kushin ba ya fara taɓa gam sai ya gano abin da ya sa abu ya saki, domin kowane dalili da irin maganinsa. Na farko kuma mafi girma shi ne zafi. A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafin wannan yanki yakan kai maki 40 ko ya haura, cikin motar da aka rufe aka bari a rana kuwa yakan wuce maki 60. Silin na motocin zamani allo ne mara nauyi da aka manna masa yadi, tsakanin yadin da allon kuma akwai wani siririn soso. Zafi da danshi suna cin wannan soso a hankali har ya rududduge ya koma gari mai ruwan ɗorawa, mai ɗan danƙo. Daga nan sai yadin ya rabu da allon ya yi ciki kamar tantin da ruwa ya taru a kansa. Ya kamata a lura da wannan da kyau: ba gam ne ya saki ba, soson ne ya mutu. Wanda bai fahimci haka ba zai yi ta zuba gam a kan gari, kuma ba a taɓa manna abu a kan gari ya zauna ba. Tsofaffin motoci na zamanin Fijo 404 ba su da wannan matsala, domin silinsu leda ce da aka ɗinka aka rataya a kan sandunan ƙarfe, sai dai ɗinki ya farke ko sanda ta goce.

Zafi bai tsaya nan ba. Yana busar da 'yan maƙalan roba da suke riƙe da bangon ƙofa da marufan ginshiƙai, su yi tauri kamar busasshen kara, su karye da an taɓa su. Har ila yau ƙarfe da roba da katako ba sa buɗewa daidai da juna idan sun ji zafi. Kowane da irin miƙewarsa da rana da tsukewarsa da dare, kuma wannan 'yar ja-in-ja ta kullum tana faɗaɗa ramin sukuru har ya daina kamawa.

Sai jijjiga. Hanyar burji mai gargada tana girgiza mota sau dubbai a tafiyar awa guda, bodi kuma yana ɗan murɗewa duk lokacin da taya ɗaya ta faɗa rami. Ƙusar da aka buga a filawud ba ta da zare, don haka kowace girgiza tana zaro ta kaɗan. Sai kuma ruwa. Daga Yuni zuwa Satumba robar gilashi da ta tsufa tana yoyo, kwalin bangon ƙofa ya sha ruwa ya kumbura ya lanƙwashe. A ƙasan kowace ƙofa akwai 'yan ramukan da aka bari domin ruwa ya fita, amma ƙurar hunturu takan toshe su, ruwa ya kwanta, tsatsa ta ci wurin da maƙalai suke shiga. Motocin da suke da taga a rufi sun fi shan wahala, domin siraran bututun da ke zubar da ruwan tagar suna bi ta cikin ginshiƙai ne, da sun toshe sai ruwan ya koma kan silin.

Akwai dalilai biyu da suka keɓanta da bakin iyaka. Na ɗaya shi ne fetur. A watan Nuwamba na 2019 Hukumar Kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin tazarar kilomita 20 daga iyaka, abin da ya ƙara wa mutanen irin waɗannan garuruwa dogaro ga man jarka. Fetur kuwa maƙiyin gam ne. Jarka ɗaya da ta yi ɗigo a bayan mota ta isa ta narkar da gam ɗin shimfiɗa, ta ci soso, ta bar warin da ba ya fita. Na biyu shi ne bincike. Tun da masu fasa-ƙwauri a ko'ina cikin duniya sun san akwai sarari a bayan bangon ƙofa da ƙarƙashin shimfiɗa, jami'an kwastan, ko duwan kamar yadda ake ce musu a ƙetaren Benin da Nijar, su ma sun sani. Bangon da aka ɓamɓare sau biyu ko uku a shingen bincike da wuya maƙalansa su koma yadda suke. Wannan ma ya sa direban kirki yake son gyara mai tsabta, domin bangon da aka ɗaure da waya ko aka cika shi da ƙusoshi iri-iri yana jawo idon mai bincike ko da babu kome a bayansa.

Kayan aiki

Kayan aikin mai kushin ba su da yawa: keken ɗinki mai ƙarfi, almakashi, reza, filaya, sukundireba, ƙaramar guduma, burushi, injin huda, basilla da zare mai kauri. Kayan haɗi kuwa su ne gam da soso da leda da yadi da kwali da filawud da sukuru da washa da ribit. Mai nazarin harshe zai ga cewa jerin nan ya kasu biyu. Basilla da guduma da zare tsofaffin kalmomi ne da sana'ar ta gada, almakashi daga Larabci ya zo tun da daɗewa, filaya da washa da ribit da gam kuwa aro ne daga Ingilishi wanda aka yi wa kwaskwarima ya dace da tsarin gaɓar Hausa. Ba kalmomi kaɗai aka gada ba. Badukun da yake yi wa sirdi zubuka da jalala domin kada katako ya ji wa doki da mahayi ciwo, aikin da yake yi shi ne na mai kushin, abin hawan ne kawai ya sauya.

Yadda ake gyaran silin

Gyaran silin shi ne ma'aunin gwaninta, don haka za a tsawaita a kansa. Da farko ana cire duk abin da ya riƙe allon: marikin hannu, da makarin rana na gaban direba, da fitilar rufi, da marufan ginshiƙai. Mai hankali yakan zuba sukurorin kowane wuri a gwangwani dabam, domin tsawonsu ba ɗaya ba ne. Daga nan a zaro allon ta ƙofar baya, mutum biyu suna riƙe da shi, don idan ya karye a tsakiya gyaransa ya fi na yadin wuya. A kwantar da shi a kan tebur a inuwa, a yaye tsohon yadin, sa'an nan a sa burushi mai tauri a kankare mataccen soson nan tas, har sai an shafa hannu ba a ji gari ba. Wannan shi ne sashen da ya fi cin lokaci da ƙazanta, shi ne kuma wanda ake bar wa yaran shago, alhali a kansa ingancin aikin duka ya rataya.

Gam ɗin da ake amfani da shi irin wanda ake shafa wa fuska biyu ne, kamar Evo-Stik da danginsa. Ƙa'idarsa ta saɓa wa hankalin sabon shiga, domin ba a haɗa fuskokin yana ɗanye. Ana shafa shi siriri a kan allo, a shafa a bayan sabon yadi, sai a dakata na 'yan mintoci har ya sha iska, yadda in an taɓa shi da bayan yatsa zai yi danƙo amma ba zai biyo yatsan ba. Idan aka yi gaggawa, ruwan gam ɗin da bai fita ba yakan huda yadin ya yi tabo, ko ya taru ya tashi kumbo bayan kwana biyu. Idan kuma aka yi jinkiri ya bushe ƙarau, ba zai kama ba. A lokacin bazara wannan tazara gajera ce ƙwarai, shi ya sa masu aikin suka fi son sassafe. Ba kowane gam ne yake jure zafin rufin mota ba, kuma wanda aka tsinka da fetur domin ya yi auki, kamar yadda wasu suke yi, ba ya kai damina ta biyu.

Wajen shimfiɗawa ana ninke yadin biyu ne, a fara manna rabi ɗaya daga tsakiya zuwa gefe, ana bi da tafin hannu a hankali, ba a ja ba a dannawa da kan yatsa, domin yatsa yana barin gurbi a sabon soso. In an gama rabin sai a juya ga ɗayan. Wuraren da allon ya lotsa, kamar gurbin marikin hannu, su ake fara kwantar da yadi a cikinsu, in ba haka ba zai yi gada a kansu ya ɗage daga baya. A bar gefe ya zarce da kamar faɗin yatsa biyu a naɗe shi ta baya. Ramukan fitila da na sukuru kuwa sai a ƙarshe ake yanka su, ta bayan allo, kuma a yanka su ƙanana. Ramin da ya yi kaɗan ana iya ƙara shi.

Direban da ba shi da halin wannan aiki yakan sa a kafe yadin da 'yan ƙusoshi masu faɗin kai, a jera su layi-layi. Wannan dabara ce ta wucin gadi, kuma ba laifi ba ce idan an san haka take. Inda laifin yake shi ne a huda yadi a tsiyaya gam ta ramin, a danna. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa, domin yadin zai yi tabo ya ƙanƙance, allon kuma ya ɓaci yadda ko gwani ya zo daga baya sai ya sha wuya kafin ya kankare shi.

Bangon ƙofa da katako

Bangon ƙofa aikinsa ya fi sauƙi amma ya fi saurin ɓaci a hannun mai garaje. Ana fara neman ɓoyayyun sukurori a cikin marikin ƙofa da bayan mabuɗi. Sa'an nan a naɗe bakin sukundireba da tsumma, a zura shi daf da kowane maƙali, a ɗaga. Idan aka ɗaga daga nesa da maƙalin, kwalin ne zai yage ya bar maƙalin a jikin ƙarfe. A bayan bangon akwai wata leda da kamfani ya manna a jikin ƙofar. Yara masu koyo sukan yage ta su yar, suna ganin ba ta da amfani, alhali ita ce take hana ruwan da ke bin gilashi taɓa kwalin. Wajibi ne a mayar da ita ko a yanka sabuwa, a kuma zokale ramukan ƙasan ƙofa kafin a rufe. Maƙalan da suka karye a sauya su, ana samunsu a wurin masu sayar da kayan tsofaffin motoci. Kwalin da ya riga ya kumbura kuwa ba ya komawa, sai a ɗora shi a kan sabo a zana, a yanka, a mayar masa da ledarsa.

A bas ɗin da aka lulluɓe da filawud, da kan tirela, da ita kanta mota tafi-da-gidanka, aikin ya fi kusa da na kafinta. Ramin sukuru da ya faɗaɗa a katako ana cusa masa tsinken ashana ko 'yan siraran itace da gam ɗin katako, a bari ya bushe, a sake ɗaurawa. Idan a ƙarfe ne ramin ya lalace, ribit ya fi, ko sukuru mai ɗan kauri. Inda aka buga ƙusa tun farko gara a musanya ta da sukuru mai washa, domin washa tana raba nauyi ta hana kan sukurun nutsewa cikin siririn katako. Tsakanin katako da ƙarfe kuma a sa tsirin robar tsohon tub, ita ce take kashe ƙarar da ke hana fasinja barci. Akwai wata hikima da ta shafi yanayinmu. Katako yana tsukewa da hunturu ya buɗe da damina. Falankin da aka yanka cif-cif aka matse shi a watan Janairu zai yi doro a watan Agusta ya tumɓuke sukurorinsa, saboda haka ana barin ɗan sarari a gefe a rufe shi da tsirin alminiyom ko na roba. Roba ma ba a matse mata sukuru har ƙarshe, don tana bukatar wurin motsi.

Haɗarin da ke cikin aikin

Mai karatu zai iya cewa duk wannan ƙaramin abu ne, amma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Silin da ya sauko yana tare wa direba madubin baya, idan kuma iska ta shigo ta taga yana iya rufe masa fuska yana cikin gudu. Shimfiɗar da ta saki a gaban direba tana naɗewa ƙarƙashin birki. Tsirin alminiyom da ya ɗage a bakin ƙofa yana yanka ƙafar yaro ya yaga zanen mace, a motar da ake cusa mutane fiye da kima.

Shi kansa gyaran yana da nasa haɗarin. Wayoyin lantarki suna bi ta cikin ginshiƙai da saman ƙofofi, bututun mai da na birki kuma suna bi ta ƙarƙashin daɓen mota. Sukurun da ya wuce tsawonsa da rabin inci yana iya huda waya ya haddasa gobara bayan wata guda, lokacin da ba wanda zai tuna da mai kushin, ko ya huda rufi ya buɗe wa ruwa hanya. Dabarar masu aikin ita ce a naɗa ɗan salatif a jikin bakin injin huda daidai zurfin da ake so, kada a wuce shi. Bugu da ƙari, tun daga ƙarshen shekarun 1990 motoci da yawa suna zuwa da jakar iska ta kariya a naɗe a gefen silin, bayan marufan ginshiƙai. An yi waɗannan marufai ne yadda za su buɗe da kansu idan an yi karo. Wanda ya kafe su da sukuru ko ya cika su da gam ya hana jakar fita, ko kuma ya mayar da marfin abin da zai fallo ya bugi fuskar fasinja. A irin wannan wuri maƙali na asali kaɗai ya halatta, kuma a cire kan batir kafin a taɓa.

Sai gam ɗin kansa. Ruwan da ke cikinsa yana kama wuta nan da nan, don haka ba a aiki da shi kusa da mai walda ko mai shan taba, ba a kuma shafa shi a cikin rufaffiyar mota. Tururinsa dangin sholisho ne, wanda masu faci suke amfani da shi kuma wasu matasa suke shaƙa domin maye, yana taɓa ƙwaƙwalwa da hanta idan aka daɗe ana shaƙarsa. Wannan ya shafi malamin makaranta kai tsaye, domin yawancin yaran da suke kankare soso da shafa gam a tasha da yamma su ne suke zaune a gabansa da safe. Yaron da yake zuwa aji da jan ido da ciwon kai da warin gam a riga ba lalle ne ɗan shaye-shaye ba ne, mai yiwuwa maigidansa ne yake sa shi aiki a cikin mota gilashi a rufe. Kafin a ɗauki bulala ya kamata a tambayi inda yake yini, in da hali a je a gana da maigidan nasa.

Gwajin aiki

Ba a sanin kyawun wannan gyara a inda mota take tsaye. Bayan an mayar da kome, ana barin tagogi a buɗe na yini guda domin gam ya gama bushewa wari ya fita, a kuma gwada fitilar rufi da makullan ƙofa da gilasai, don a tabbata ba a danne wata waya ba. Idan yoyo ne ya jawo aikin tun farko, sai a sa yaro ya kwarara bokitin ruwa a kan rufi da gilashi, wani yana ciki yana duba inda zai ɓullo. Daga nan maigida yakan ce wa direba, "Malam, tayar mu ɗan taka." Ba kwalta suke bi ba. Sukan sauka kan burji, inda gargada ta fi yawa, maigida yana kujerar baya ya kasa kunne, yana dafa bango da tafin hannu wuri bayan wuri. Inda ya dafa ƙara ta ɗauke, nan ne sauran aiki yake, sai ya yi wa wurin alama da alli su juyo tasha.